Sandar ƙarfe a bayan ƙashin ƙirji: nazarin lamarin wani yaro ɗan shekara 15

Yaron dogo ne siriri, kafaɗunsa sun rankwafo gaba kamar mai jin sanyi, kuma tun da ya shigo ɗakin duba marasa lafiya bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Shekararsa 15 da 'yan watanni. Mahaifiyarsa ce ta yi bayani.

"Likita, da can yaron nan ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana filin ƙwallo. Yanzu ko bene ya hau sai ya tsaya yana haki kamar wanda aka koro. Babansa ya ce ragwanci ne, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya."

Na ce masa ya tuɓe riga. Ya yi jim, ya saci kallon mahaifiyarsa, ya cire ta sama, sai ga wata a ƙarƙashi. Riga biyu yake sakawa komai zafi, don kada a ga siffar ƙirjinsa. A tsakiyar ƙirjin akwai kwarmi mai zurfi wanda dunƙulen hannun ƙaramin yaro zai shige ciki. Ya fi zurfi ta ɓangaren dama, ƙashin tsakiyar ƙirji ya ɗan murɗe, haƙarƙarin ƙasa kuma sun buɗe sun turo waje, har cikinsa ya yi kamar ya fito alhali ba shi da teɓa. Da na ce ya ja dogon numfashi, maimakon ƙirjin ya taso gaba ɗaya, tsakiyar sai ta ƙara nutsewa.

Mahaifiyar ta ce tun yana jariri ta lura da 'yar lotsawa a wurin, aka ce mata za ta cike idan ya girma. Har ya kai shekara 12 abin bai dami kowa ba. Da ya shiga ta 13 ya fara miƙewa da sauri, kwarmin ya dinga zurfi tana gani. Daga nan sai haki, da zafin ƙirji idan ya yi gudu, da bugun zuciya da shi da kansa ya ce yana ji "kamar za ta faɗo". An taɓa kai shi wani asibiti aka ce asma ce, aka ba shi maganin shaƙa, ya yi wata shida yana shaƙa ba abin da ya sauya. A cewar mahaifiyar, ta saman riga aka ɗora masa abin sauraren ƙirji ranar.

Abin da ke faruwa a ciki

Likitoci na kiran wannan da sunan Latin, pectus excavatum, wato ƙirji mai kwarmi. A cikin lahanin halittar bangon ƙirji shi ne aka fi samu, kusan ɗaya cikin haihuwa 300 zuwa 400, kuma maza sun ninka mata wajen kamuwa. Matsalar tana a guringuntsin da ke haɗa haƙarƙari da ƙashin tsakiyar ƙirji: girmansa ne ke bauɗewa, ya tura ƙashin baya. Ba sakacin uwa ba ne, ba kuma yadda aka riƙe jariri ba. Sau da yawa akan samu wani a dangi, kuma da muka bincika, ƙanin mahaifin yaron yana da ɗan kaɗan.

Abin da ya sa ake yi wa irin waɗannan yara kallon ragwaye yana da sauƙin fahimta idan an san abin da ke bayan ƙashin. Ɗakin zuciya na dama na ƙasa, wanda ke tura jini zuwa huhu, shi ne ke kwance daidai bayan ƙashin tsakiyar ƙirji, kuma bangonsa siriri ne. Idan ƙashin ya nutse, sai ya danne wannan ɗaki, ya kuma ture zuciyar zuwa hagu. Yaro na zaune, zuciyar na iya biyan buƙatar jiki, don haka duk gwajin da aka yi masa a zaune zai fito kusan lafiya lau. Amma da ya fara gudu jiki zai nemi ƙarin jini, ɗakin da aka danne kuma ba shi da wurin buɗewa ya cika sosai. Abin da ya rage wa zuciya shi ne ta ƙara saurin bugu. Shi ne hakin, shi ne bugun da yaron ke ji. Wanda ya gan shi a zaune zai rantse lafiyarsa ƙalau.

Gwaje-gwaje

Mun fara da hoton siti-sikan na ƙirji, domin a fitar da ma'aunin Haller. Wannan ma'auni ne da likitan tiyatar yara J. Alex Haller da abokan aikinsa na Johns Hopkins a Amurka suka wallafa a 1987. Ana auna faɗin ƙirji ta ciki, a raba shi da tazarar da ke tsakanin bayan ƙashin ƙirji da gaban ƙashin baya a wurin da kwarmin ya fi zurfi. Mai lafiya yana kusa da 2.5, abin da ya haura 3.25 kuma ana lissafa shi mai tsanani. Na yaron, faɗi santimita 24.6, tazara 5.6, ma'auni ya tashi 4.4. Da na juya wa iyayen fuskar kwamfuta suka ga zuciyar ɗansu a matse tsakanin ƙashi biyu, mahaifin ya yi shiru na wani lokaci. Bai sake ambaton ragwanci ba.

Hoton eko na zuciya, wanda ake ɗauka da sauti a ga yadda take aiki, ya tabbatar da dannewar ɗakin dama, amma ƙofofin zuciya lafiya, babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya ita ma faɗinta daidai. Wannan na ƙarshe muka fi zuba wa ido, saboda dogon yaro siriri mai lotsattsen ƙirji dole a bincika ko yana da ciwon Marfan, wanda ke raunana jijiyar ta kumbura. An auna tsawon hannuwansa a buɗe, an duba gaɓoɓinsa, likitan ido ya duba shi, ba a samu alama ba. Ƙashin bayansa ya ɗan karkace, ba har ya buƙaci magani ba. Gwajin hura iska ya nuna huhunsa na ɗaukar kashi 78 cikin 100 na abin da ake tsammani ga mai tsawonsa. Gwajin keke, inda ake auna iskar da jiki ke ci yayin motsa jiki, shi ya fi fallasa matsalar: ya sare tun kafin ya kai inda sa'anninsa ke kaiwa.

Ni dai ba na son a ɗora hukuncin tiyata a kan lambar Haller kaɗai. Mai faffaɗan ƙirji zai iya samun lamba babba da ɗan kwarmi, mai ƙuntataccen ƙirji kuma ya samu ƙarama alhali zuciyarsa na matse. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a samu aƙalla biyu daga cikin waɗannan: ma'aunin da ya haura 3.25, shaidar dannewar zuciya, raguwar aikin huhu, ko kwarmi mai ƙaruwa tare da alamomin ciwo. Yaron ya cika duka huɗun.

Zaman da muka yi da iyayen

Akwai hanyoyin da ba na tiyata ba, kuma mun faɗa musu. Motsa jiki na gyara tsayuwa, yana ƙarfafa tsoka, amma ba ya ɗago ƙashi. Akwai wata na'ura mai kama da murfi da ake kifawa a ƙirji a zuƙe iska ta jawo ƙashin waje, wadda wani injiniya Bajamushe, Eckart Klobe, ya ƙirƙira don nasa ƙirjin. Tana amfani ga ƙananan yara masu kwarmi marar zurfi da ƙirji mai laushi, idan an jure sakawa kullum tsawon shekara ko fiye. Ga kwarmi mai zurfi, murɗaɗɗe, a jikin ɗan shekara 15, ban ga za ta kai ko'ina ba.

Tiyata iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda Mark Ravitch ya bayyana a 1949: a tsaga gaban ƙirji, a cire guringuntsin da suka lanƙwashe, a ɗan sare ƙashin tsakiya a ɗago shi. Har gobe tana da ranarta, musamman ga ƙirjin da ya haɗa kwarmi da tudu. Ta biyu ita ce ta Donald Nuss, likitan tiyatar yara haifaffen Afirka ta Kudu da ya yi aiki a Norfolk, jihar Bajiniya ta Amurka. Ya fara yin ta a 1987, ya wallafa sakamakon shekara goma a kan yara 42 a 1998. Tunaninsa shi ne ƙirji ba dutse ba ne. Ƙirjin yaro mai laushi ne, kuma ko na tsoho yana sauya siffa, kamar yadda ake gani ga masu daɗaɗɗen ciwon huhu da ƙirjinsu ke buɗewa ya zama kamar ganga. To me zai sa a cire guringuntsi? A saka lanƙwasasshiyar sandar ƙarfe a bayan ƙashin ta tallafe shi, a bar ta shekaru har jiki ya saba, kamar yadda ake gyara jerin haƙora da waya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan ɗanyen ma yana da iyaka. A farkon lamarin ƙananan yara ake yi wa, sai aka ga idan an cire sandar kafin miƙewar balaga kwarmin na iya dawowa. Rahoton da cibiyar Norfolk ta fitar a 2010 a kan mutum 1,215 ya nuna matsakaicin shekarun waɗanda ake yi wa aikin ya tashi daga 6 zuwa 14. Ta Nuss muka zaɓa, kuma yaron namu yana daidai kan lokaci: ƙirjin bai gama ƙarfi ba, kuma sandar za ta raka shi har ƙarshen girmansa.

Mahaifin ya ce, "Likita, mun ji an ce wannan ƙaramin aiki ne, 'yar huda ce kawai."

Na ce, "Alhaji, yankan ne ƙarami. Aikin babba ne. Ƙarfe za mu ratsa da shi tsakanin ƙashi da zuciya, kuma abin da ya ɗauki shekara 15 yana nutsewa za mu ɗago shi cikin daƙiƙa kaɗan. Ciwon da ke biyo baya ba wasa ba ne."

Na daɗe a kan wannan magana da gangan. Sunan da aka ba aikin, tiyata mai ƙaramin yanka, yana sa iyaye su zo da tunanin abin kwana biyu ne a koma makaranta, kuma duk dangin da ya shiga da wannan tunani shi ne ke karaya a mako na biyu. Na lissafa musu abin da ka iya faruwa: iska ko ruwa su taru a gefen huhu, ciwon ya yi ruwa, jakar zuciya ta kumbura, sandar ta goce. Na kuma faɗi wanda ba a son faɗa, cewa an taɓa samun raunin zuciya a wannan aiki a wurare daban-daban, har da rasa rai, ko da yake ba safai ba.

Sannan na nemi iyayen su ba mu wuri, na tambayi yaron shi kaɗai me yake so, tunda jikinsa ne zai ɗauki ƙarfen. Ya ce, "Ina so in koma ƙwallo. Kuma na gaji da saka riga biyu."

Wani ɗan abu ya ɗage ranar aikin. Wata ma'aikaciyar jinya ta lura da wani baƙin tabo mai ƙaiƙayi a ƙasan cibiyarsa, daidai inda kan bel ke taɓa fata. Ya ce agogon ƙarfe ma na sa masa ƙuraje. Sandar da aka saba sakawa ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, kuma akwai wani nau'in ƙarfe da ake kira nikel a cikinta. Aka liƙa masa gwaji a fatar baya, ya nuna jikinsa ba ya jituwa da nikel. A rahoton nan na 2010 kusan uku cikin ɗari aka samu da wannan matsala. Da an saka masa mai nikel ɗin, da wataƙila sai bayan aiki za a fara fama da ƙuraje da ruwa a ƙirji ana zaton ƙwayar cuta ce. Sai aka koma ta titaniyam, wani ƙarfe na daban, wadda ba ta lanƙwasuwa da sauƙi a ɗakin tiyata, don haka aka aika ma'aunin ƙirjinsa aka lanƙwaso ta daga kamfani. Mako shida muka jira.

Ranar aiki

Bayan an sa shi barci, an kwantar da shi rigingine, hannuwa a buɗe. Aka yi alama a wurin da kwarmin ya fi zurfi da kuma gaɓar da ƙirjin ya fara gangarawa ta kowane gefe. Yanka biyu aka yi a gefunan ƙirji ƙasa da hammata, kowanne bai wuce santimita uku ba, da 'yar huda ta siririyar kyamara. Aka ɗan hura iskar kabon a ƙirji don huhu ya ja baya a ga hanya. A shekarun farko babu kyamara, a makance ake ratsawa, sai a ƙarshen shekarun 1990 ta zama ƙa'ida.

Kafin a taɓa ƙashi, an fara da jijiyoyin da ke ɗauke da jin ciwo, waɗanda ke bin ƙarƙashin kowane haƙarƙari. Da wani tsinke mai sanyin kusan digiri 60 ƙasa da sifili aka daskarar da biyar a kowane gefe, daga ta uku zuwa ta bakwai, minti biyu kowacce. Sanyin na kashe zaren cikin jijiyar ya bar kubenta, don haka takan sake tsirowa cikin makonni ko watanni. Kafin zuwan wannan dabara, allurar ƙashin baya da magunguna masu ƙarfi ake dogara da su, kuma yara kan yi kwana huɗu zuwa bakwai a asibiti.

Daga nan aka ɗago ƙashin ƙirjin sama da ƙugiya da aka ɗaure a wani maɗauki a gefen gado, dabarar da aka fi danganta wa likita Hyung Joo Park na Koriya ta Kudu. Amfaninta shi ne ta buɗe sarari tsakanin ƙashi da zuciya kafin ƙarfe ya shiga. Sai aka zura doguwar sandar buɗe hanya daga dama. A fuskar talabijin ana ganin jakar zuciya tana motsi ƙasa da bakin sandar, tazarar ba ta kai kaurin yatsa ba. A wannan gaɓa ba mai magana a ɗakin. Mai ba da maganin barci ya ƙara sautin na'urar bugun zuciya, kowa na saurare, domin da bugun ya rikice za a tsaya cak. Bakin sandar yana manne da bayan ƙashi har ya ɓullo ta hagu.

Aka ɗaura zare mai kauri a bakinta aka jawo, aka ɗaura sandar titaniyam a zaren aka ja ta ciki, tudun lanƙwasarta na kallon ƙasa. Sannan aka kama kan ta da abin juyawa, aka kifa ta. Duk sau nawa na ga wannan, ban daina jin wani abu ba: kwarmin da ke nan yanzu-yanzu ya ɓace, ƙirji ya taso a idonka. Da yake ƙasan ƙirjin bai gama tasowa ba, aka ƙara sanda ta biyu ƙasa da ta farko, abin da ke raba nauyin a kan haƙarƙari da yawa. Aka ɗaure kowacce da ɗan faranti mai hana juyawa a gefe ɗaya, da zare mai ƙarfi a zagaye da haƙarƙari. Irin wannan ɗauri na cikin abin da ya sauko da gocewar sanda daga kashi 12 cikin 100 zuwa kashi 1 a rahoton Norfolk. Aka fitar da iskar, aka ɗinke. Aikin ya ci kusan awa biyu, jinin da ya zuba kaɗan ne.

Bayan aiki

Daren farko ya sha wuya. Daskarar da jijiya ba ta gama kama jiki nan take, kuma abin da ya fi damun sa ba zafin yanka ba ne, nauyi ne, ya ce kamar an ɗora masa dutse. Hoton ƙirji ya nuna 'yar iska a saman huhun dama, muka bar ta, ta tafi da kanta. Washegari aka tashe shi ya taka, ana sa shi jan numfashi a 'yar na'urar hura ƙwallo sau goma duk awa. Kwana uku aka sallame shi.

Dokokin mako shida na farko su ne ainihin jarrabawar. Ba kwanciya ta gefe ko rubda ciki, ba murɗa jiki, ba sunkuyawa daga ƙugu, ba ɗaukar kaya ko jakar makaranta. Tashi daga gado ma sai an tallafe shi ta baya. An gargaɗe su cewa fatar ƙirjinsa ba ta ji, don haka a kiyaye ruwan zafi. An ba shi katin da ke nuna akwai ƙarfe a ƙirjinsa, saboda na'urar bincike a filin jirgi, kuma saboda idan an taɓa buƙatar danna ƙirji don farfaɗo da zuciya, masu ceto su san sai sun ƙara ƙarfi.

A mako na biyar mahaifiyar ta kira da dare. Ƙaninsa ya jefo masa ƙwallo a tsakar gida, ya juya ya cafe, ya ji wani abu ya yi ƙas a gefen dama, ciwo ya taso. Aka kawo shi, aka ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, aka gwada da na ranar sallama. Sandar sama na nan daram. Ta ƙasa ta ɗan karkata kaɗan, amma tana tallafe da ƙashin, siffar ƙirjin ba ta sauya ba, numfashi da bugun zuciya lafiya. Mun yi muhawara a tsakaninmu. Wani abokin aikina ya so a koma a gyara tun tsokar ba ta kama ta a karkace ba. Ni na ga komawa ƙirjin da aka taɓa mako biyar da suka wuce, kusa da zuciya, don ɗan karkacen da bai ɓata komai ba, haɗarinsa ya fi amfaninsa. Aka tsaya a kan sake hoto bayan mako ɗaya, sannan bayan wata. Ba ta ƙara motsi ba. Da ta ƙara, da abokin nawa ne mai gaskiya.

Yaron ya fi jin tsoron faɗan mahaifinsa fiye da ciwon. Na ce wa mahaifin, "Alhaji, a yi masa haƙuri. Da yana jin ciwo sosai da bai juya ba." Wannan shi ne ɗan illar daskarar da jijiya da ba a cika faɗa ba: yaron da ba ya jin ciwo yakan manta akwai ƙarfe a jikinsa.

Wajen wata na biyu zuwa na uku jijiyoyin suka fara dawowa, ya dinga jin tsira-tsira da ɗan zafi kamar na ƙuna a fatar ƙirji. Aka ba shi maganin ciwon jijiya na 'yan makonni, ya lafa. A wata na uku aka ba shi izinin gudu da ninƙaya, a na shida ya koma ƙwallo, da sharaɗin ba tare ƙwallo da ƙirji. Gwajin keke da aka maimaita bayan shekara ɗaya ya nuna ƙaruwa a fili, hoton eko kuma ya nuna ɗakin dama ya samu sarari. Gwajin hura iska kuwa bai sauya sosai ba, kuma haka aka saba gani: ribar aikin ta fi fitowa ta wajen zuciya.

An cire sandunan bayan shekara uku, yana da shekara 18, ta tsofaffin yankan nan biyu. Ƙashi ya ɗan tsiro ya rufe kan sandar ƙasa ta dama, sai da aka sassaƙe shi, aka miƙar da bakunan sandunan kafin a zaro su a hankali ana kallon bugun zuciya. Ranar ya koma gida. Wata shida bayan nan ƙirjin na nan a tashe. Haƙarƙarin ƙasa na hagu har yanzu ya ɗan turo, akwai kuma wani ɗan wuri kusa da tabon dama da ji bai dawo ba. Na tambaye shi ko suna damun sa, ya ce a'a. An ba shi ranar dawowa bayan shekara ɗaya.